Auduga da Tawada: yadda nake haɗa zomo da mage a tsakar gida ɗaya

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Zan riƙa ajiye abin da nake gani a nan kar in manta, wataƙila kuma ya amfani wani mai zomo da mage a gida ɗaya. Burina dai shine zomon ya fito tsakar gida ya sake ya yi wasansa, mage na nan, kaji na nan, ba wanda ya ji wa wani ciwo.

Zomon namiji ne fari tas mai jan ido, irin wanda masu kiwo ke ce wa New Zealand, watansa huɗu, wajen wani mai kiwo a Samaru muka saye shi, yara suka sa masa Auduga. Magen kuwa ta riga shi zuwa gidan, baƙa wuluk, Tawada muke ce mata, ta kusa shekara biyu kuma mafarauciya ce ta gaske, ɓera da ƙadangare basa wuce ta. Shi yasa Hajiya tana ganin zomon tace "ke 'yar nan, nama kika kawo wa mage har gida?" Maganarta na kan hanya, dan zomo abin farauta ne a halittarsa, mage kuma mai farauta, duk abin da zan yi sai na fara da sanin wannan.

Kafinta ya haɗa mana keji na katako, na ce ya sa raga mai ƙananan ramuka yadda hannun mage ba zai shiga ba, ya ɗaga shi daga ƙasa saboda gafiya da kwarkwasa. Rabin ƙasan kejin falanki ne, domin tsayawa kan waya zalla yana cinye tafin ƙafar zomo, su ba su da tsokar nan mai laushi irin ta ƙafar mage, gashi ne kawai. A ciki na sa akwati mai ƙofa da zai shige in ya tsorata. Abinci harawar gyaɗa ce ba ta yankewa, sai ganyen dankalin Hausa da ɗan zogale, dusa kaɗan da yamma.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Satin nan kallo ne kawai ta bayan waya. Tawada ta kan zo ta zauna nesa kaɗan ta kafe shi da ido, shi kuma sai ya buga ƙafar baya a falanki, tim! ya shige akwati. Bugun ƙafar nan gargaɗi ne, haka suke sanar da 'yan uwansu hatsari. In na ga ta daɗe tana kallon sai in kira ta da ɗan kifi, bana dukanta bana tsawa, bana so ta riƙa haɗa ganin zomon da shan wuya.

Na kuma ɗauko tsumman da take kwanciya a kai na jefa masa, nasa kuma na kai mata. Ya shinshina ya shinshina sannan ya fara goga haɓarsa a jiki. Ƙarƙashin haɓar zomo akwai wajen da ke fitar da wani wari da mu bama ji, duk abin da ya goga wa haɓa to ya sa masa alama ne cewa nasa ne. Na ji daɗin wannan sosai, ko ba komai bai gudu daga warinta ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Yau aka fara haɗuwa ba waya a tsakani. A baranda na yi, na tare bakin da falanki. Kafin nan na ƙosar da Tawada, na rage mata tsinin farce da abin yankan farce, bakin kawai ake cirewa kar a kai wajen jan nan mai jini. Na ajiye kwalaye biyu kowanne na huda masa ƙofa biyu, saboda maɓoya mai ƙofa ɗaya tarko ce ga zomo, in aka tare bakin ya gama yawo. Yara na ce su tsaya ta taga su yi shiru.

Wallahi abin da ya faru ban zata ba. Auduga ya fito ya miƙa wuya, kunnuwa gaba, ƙafafun baya a can baya a shirye, yana tahowa kaɗan kaɗan har ya iso gabanta, ya sa hanci ya zungure ta a haƙarƙari. Tawada ta zabura ta haye kan turmi ta zauna tana kallonsa daga sama. Shi kuma ya kewaye turmin yana goga masa haɓa.

Na daɗe ina tunanin abin da daddare. Abin da ke tayar wa mage da farauta shine ƙaramin abu ya ruga a guje. Wannan bai ruga ba, nufo ta ma ya yi, kuma ba ƙarami bane, irinsu in sun gama girma suna kai kilo 4 zuwa 5, wato daidai da mage ko ma su fi ta. Da jaririn zomo ne ɗan sati uku da ba zan ko gwada ba, kuma duk mai 'ya'yan zomo ina roƙonsa ya rufe su nesa da mage komai sabonta da gidan.

Lahadi, 1 ga Disamba

Sanyi ya sauko, hazo ya rufe gari, kuma sai yanzu na ga ainihin wasan. Lokacinsa biyu ne, bayan sallar asuba kafin rana ta fito sosai, sai kuma bayan la'asar zuwa magariba. Da tsakar rana duk su biyun barci suke, haka halittarsu take, shi yasa na daina fito da shi da azahar.

Bari in faɗi yadda na jiya ya kasance dan ina zaune kan tabarma ina tsince shinkafa na ga komai. Tawada na kwance bakin rijiya ta miƙe ƙafafu. Auduga ya taho a guje daga wajen madafa, ya zo daf da ita ya yi birki har ƙura ta tashi, ya yi tsalle sama ya murɗa jiki a iska, kai gefe ɗaya ƙugu ɗaya gefen, yana kaɗa kunne, ya dira ya koma. Autana yace "Umma, aljanu ne suka kama shi?" nace a'a, murna ce, zomo baya wannan tsallen sai hankalinsa a kwance yake. Ya sake dawowa, wannan karon ya zungure ta a jela. Sai ta tashi ta ruga, jelarta a tsaye, shi kuma ya bi ta, suka kewaye bishiyar gwaiba, ta haye kan buhun gawayi, ya tsaya a ƙasa da ƙafa biyu yana leƙenta. Tana saukowa suka sake.

Daga nan na kafa doka a gidan, har maigida na faɗa wa: in zomo ne ke bin mage, a ƙyale su. In mage ce ke bin zomo, a raba nan take. Kuma an fi gane bambancin tun kafin gudun ya fara. In wasa take jikinta a sake yake, jela sama, tana waiwaye. In farauta ta motsa mata sai ta lafe da ƙasa, ƙwayar ido ta buɗe ta yi baƙi, bakin jelar kawai ke motsi, ta fara murza ƙugu. Da na ga haka sai in jefa mata ƙwallon leda da na ɗaure da zare ta huce a kansa. Shi ma ina duba shi, gudun wasa yana tsayawa ya dawo da kansa, gudun tsoro kuwa kunnuwa a manne da baya, ido waje, kai tsaye cikin kwali, kuma ba zai fito ba sai an jima.

Asabar, 14 ga Disamba

Kaji kam ba wasa a tsakaninsu. Yana son ratsawa ta cikinsu a guje su watse suna kyarkyara, shi daɗi yake ji, su kuwa a'a. Kazar da ta ƙyanƙyashe ta buɗe fiffike ta kai masa sara kusa da ido, Allah ya tsare bata samu ba. Idon zomo a gefe yake a fili, sara ɗaya ya isa. Ga shi kuma yana satar musu tsaki, hatsi da yawa kuwa yana ɓata masa ciki. Na raba lokaci kawai, kaji na akurki sannan ya fito. Tattabaru dai basu damu da shi ba, shi ma haka.

Lahadi, 29 ga Disamba

An shiga wani sabon babi. Auduga ya kusa wata shida, ya balaga, wasan ya canza kama. Yana kewaye ƙafafuna yana wani ɗan gunji ƙasa ƙasa, yana fesa fitsari a bango har ya taɓa fesa wa Tawada, sannan ya fara ƙoƙarin hawanta yana kama gashin wuyanta da haƙori. Ta haƙura sau da yawa, ranar Alhamis ta juyo ta kai masa mari, farce a ciki dai, amma gargaɗi ne. Ta fara ƙaurace wa tsakar gida in ya fito, kan katanga take wuni.

Na kai shi wajen likitan dabbobi, muka yi maganar fiɗiye shi. Tunda ba kiwon nama nake ba kuma bana neman 'ya'ya, na amince. Hajiya bata so ba, tace "dabbar Allah me ya yi miki?" Na yi mata bayani cewa in ba haka ba zaman keji zai koma shi kaɗai har ƙarshen rayuwarsa, zomon gida kuwa yana iya shekara 8 ko fiye. Ta yi shiru tace to Allah ya sa a yi a sa'a.

Akwai abubuwan da likitan ya ja min kunne a kai, dole in rubuta su dan rai ake magana. Na farko ba a hana zomo abinci kafin aiki yadda ake wa mage ko kare, saboda zomo baya amai, kuma cikinsa in ya tsaya da aiki shine babban hatsarin. Na biyu kar a kuskura a ba zomo amoxicillin ko danginsa ta baki, yana kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, zawo ya kama shi ya mutu, ga shi mu nan abu kaɗan sai a ɓare kafso a zuba a ruwan dabba. Na uku maganin ƙumar da ake ɗiga wa mage da kare a wuya mai sinadarin fipronil, irin su Frontline, guba ne ga zomo. Wannan ya shafe ni kai tsaye tunda suna cuɗanya, don haka in za a yi wa Tawada maganin ƙuma sai wanda likita ya ce ba zai cutar da shi ba.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

An yi aikin lafiya, Alhamdulillah. Daren farko bai taɓa harawa ba, sai ganyen karas da lansir ya ɗan ci, da safe na ga kashi a kejin hankalina ya kwanta. Mai zomo kashi yake dubawa kullum, in ya wuce awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba to a nemi likita ba jira. Yana cikin ɗaki yanzu kan tsumma mai tsabta, ba tsalle ba gudu. Tawada na zuwa bakin ƙofa ta shinshina ta ƙasa ta yi kuka ta tafi. Likita yace halin nan na balaga ba rana ɗaya yake gushewa ba, sai an ba shi kamar sati huɗu zuwa shida.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Fesa fitsari ya ragu ƙwarai, hawan ya tsaya. Gudun yamma ya dawo. Amma abin da nake son rubutawa na safiyar Juma'a ne.

Tawada na zaune a hantsi jikin bango tana lasar hannu tana wanke fuska. Auduga ya zo ya tura kansa ƙarƙashin haɓarta, ya kwantar da haɓarsa a ƙasa, kunnuwa a kwance, ya tsaya cak. Mutum zai ɗauka ladabi yake mata, alhali a wajen zomaye babba ne ke sunkuyar da kai a gyara masa jiki, umarni yake bayarwa. Ta ɗauke kai, ya ƙara turawa. Sai kawai ta sa harshe ta fara lasar goshinsa, daga tsakanin ido zuwa gindin kunne, gashin ya jiƙe ya miƙe tsaye saboda kaushin harshenta. Na matsa a hankali har na ji haƙoransa na ɗan karkarwa, ƙir ƙir ƙir, wanda suke yi in daɗi ya ratsa su, daban yake da cizon haƙori mai ƙarfi na ciwo. Da ta gama sai ya yi wani juyi ya faɗi ta gefe rigijib, ciki a waje, ƙafafu a miƙe. Babbar yarinyata har ta yi salati ta ɗauka ya mutu. Dabbar da komai ke farautarta ba ta kwanciya haka sai inda ta yarda da wajen ɗari bisa ɗari.

Hajiya na kan kujera da carbi tana gani, tace "ikon Allah, kira min Malam ya zo ya gani da idonsa."

Duk da haka ban canza doka ba. In zan shiga wanka ko in fita unguwa, Auduga keji.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun samu koma baya kuma raina ya ɓaci sosai. Daren Talata wani muzuru ya tsallako katanga, ya haye kan kejin yana yaƙushin raga. Bugun ƙafa ne ya tashe mu, maigida ya fita da tocila ya kore shi. Hannun muzurun bai shiga ba amma bakin kunnen Auduga ya leƙo ta jikin raga, farce ya same shi ya ɗan tsaga. Ciwon ƙarami ne a ido, amma da gari ya waye na kai shi asibiti, domin baki da farcen mage na ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira Pasteurella, kuma a jikin zomo ɗan yaƙushi kan zama ƙurji mai mugunya mai kauri da ba ta tsiyayewa da kanta, sai an tsaga. Aka wanke aka ba shi magani, kunnen na warkewa.

Abin da ya fi min ciwo shine tsoron da ya shige shi. Ya daina tsalle. Ko Tawada ce ta gifta sai ya buga ƙafa ya shige akwati, ita kuma ta tsaya tana kallon ƙofar kejin. Na hana yara jawo shi da ƙarfi, na hana ɗaukarsa ma gaba ɗaya sai dole. Dama tun farko na haramta kama shi ta kunne yadda ake yi a kasuwa, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu ake sawa, saboda ƙashinsu ba nauyi kuma ƙafar baya na da ƙarfi, in ya yi harbi a iska yana iya karya gadon bayansa. Kejin yanzu cikin shago yake kwana a kulle.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama, hidima ta yi yawa, amma bayan sahur akwai ɗan lokaci mai kyau, gari shiru. Na koma matakin farko, ina buɗe kejin in zauna a ƙasa ban ce masa komai ba, Tawada na cin abincinta can gefe. Shi ya fara fitowa da kansa, kullum yana ƙara nisa. Shekaranjiya ya je ya zungure ta, jiya na ga ƙaramin tsalle guda, kunne kawai ya kaɗa ya ɗan daka. Na ji kamar in yi guɗa.

Akuyarmu kuma ta haihu, ɗan nata na irin wannan tsallen na murɗe jiki, yara suna ta roƙo a haɗa su. Na bari sun shinshini juna ta bayan ƙyaure kawai. Ɗan akuya da kai yake wasa kuma yana dira kan duk abin da ya samu, kofato ɗaya a bayan zomo ya gama da shi. Wannan kam na ce a'a.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sha sallah lafiya. Ranar sallah da baƙi suka cika gida a ɗaki na rufe shi, hayaniyar yara da kowa na son ɗauka ba nasa bane.

Yanzu zafi ne abokin faɗa. Zomo baya gumi, ta kunne yake fitar da zafin jiki, da zarar an haura digiri 30 ya fara wahala, mu kuwa watan nan ana kai 40. Alamar hatsari ita ce ya miƙe yana haki, hanci a jiƙe, in har ya buɗe baki yana numfashi to abin ya yi nisa. Ina jiƙa buhun algarara in shimfiɗa gindin randa, in an kawo wuta in daskarar da ruwa a gorar roba in naɗe da tsumma in ajiye masa, ina kuma shafa masa ruwa a kunne da hannu, ba a tsoma shi cikin ruwa. Wasan yamma na soke shi gaba ɗaya sai bayan isha'i in iska ta ɗan taso, na asuba ne ya rage. Da rana su biyun gindin randar suke kwanciya, shi a kan buhu ita a kan siminti, wani lokaci jelarta na kan bayansa. Ko wajen ruwa ya kan ture ta ya sha tukuna, ita kuma ta jira.

Asabar, 19 ga Afrilu

Duk yadda suka saba, na lura Tawada na da harkokinta, dare ya yi ta haye katanga, shi kuma a bar shi shi kaɗai a keji, ga shi yana lasarta wani lokaci amma ba ta gane yawancin abin da yake nufi. Zomo dabbar taro ce, yana buƙatar ɗan uwansa zomo. Don haka na karɓo mace, ruwan toka irin Chinchilla, wata biyar, yara sun riga sun sa mata Toka.

Ban kusantar da ita ba tukuna. Tana can ɗakin ajiya a nata kejin da nata kwanon, sai na gama da Auduga nake zuwa wajenta, in wanke hannu in canza silifas. Masu kiwo ba su manta da cutar zubar jinin nan da ta ɓarke a jihohin Kwara da Oyo a 2020 ba, wadda ke kashe zomo farat ɗaya yana tsaye lafiya, kuma a jikin takalmi da kwano da tufafi ma ana ɗaukarta. Wata guda zan ware ta, likita zai duba kunnenta da fatarta saboda ƙazuwa, mu kuma yi maganar nata aikin.

Bayan nan za a fara haɗa ta da Auduga a banɗakin baƙi inda ba warin kowa, dan zomaye biyu baƙin juna faɗansu ya fi na zomo da mage muni, suna yaga fata. Sai sun daidaita sannan Tawada za ta shigo lissafi, ta bayan waya kamar yadda aka faro. Toka ta fi Auduga tsoro nesa ba kusa ba, motsi kaɗan ta zabura ta ruga, irin gudun nan kuwa shine ke tayar wa mage da farauta, saboda haka nata zai ɗauki lokaci fiye da nasa. Kafinta zai zo ranar Litinin ya auna baranda, ina so ya yi min shingen raga mai ƙofa da zai raba ta biyu.